Edward Weston: Mai Hoton Da Ya Ga Kyau A Jikin Tattasai Mai Tabo

'Yan'uwa ɗalibai, yau da wuya ka sami ɗaya daga cikinmu da ba ya yawo da kyamara a aljihu. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ranar da aka fito daga jarrabawar ƙarshe, ko ranar da aka sa sabon ɗinki kawai, sai ka ga an jeru ana ɗaukar hoto. Kafin hoton ya hau Facebook ko WhatsApp kuwa sai an bi ta kansa da filta, an goge ƙuraje, an ƙara hasken fata, har wani lokaci mai fuskar ma ya kasa gane kansa. Mun saba da cewa hoto mai kyau shi ne wanda ya ɓoye aibi. Shi ya sa a wannan fitowa na zaɓi in kawo muku tarihin wani Ba'amurke da ya fara sana'a da aikin ɓoye aibi, ya ci abinci da shi shekara da shekaru, daga baya ya juya masa baya ya koma ɗaukar hoton tattasai mai tabo da ƙashi da mushen tsuntsu. Sunansa Edward Weston, kuma ya mutu tun 1958. Zan bi rayuwarsa daga farko har ƙarshe, in nuna inda nake ganin ya yi abin koyi, in kuma nuna wuri ɗaya da ni da shi muka raba hanya.

Yaron da boko bai shiga ransa ba

An haifi Edward Henry Weston ranar 24 ga Maris, 1886, a garin Highland Park na jihar Illinois, ya tashi a birnin Shikago. Mahaifinsa likita ne. Mahaifiyarsa ta mutu yana ɗan shekara 5, sai yayarsa Mary, wadda ta ba shi shekara 9, ta zame masa uwa. Da ta yi aure ta bar gidan, yaron ya zama ɗan kaɗaici, ya riƙa ƙin zuwa makaranta yana kulle kansa a ɗaki. A ƙarshe dai ko sakandare bai gama ba.

A 1902, da ya cika shekara 16, mahaifinsa ya ba shi kyautar 'yar ƙaramar kyamara ta kamfanin Kodak. To, nan fa aka sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya riƙa yawo a wuraren shaƙatawa na Shikago yana ɗaukar itatuwa da tafkuna, yana kuma aikin ɗan aike a babban kantin Marshall Field don ya sami kuɗin fim. A 1906 ya bi yayarsa zuwa Kalifoniya. Can ya ɗan taɓa aiki da masu safiyon hanyar jirgin ƙasa, sannan ya rataya kyamara ya shiga bi gida-gida yana tallan ɗaukar hoto: na yara, na dabbobin gida, har da na jana'iza. Ku riƙe wannan na ƙarshe. Tun yana ɗan shekara 20 mutuwa ta fara tsayawa a gaban kyamararsa, sai dai a lokacin neman na tuwo ne kawai.

Ga wani labari da zai taɓa mu ɗalibai. Da ya ga yana bukatar ilimin sana'ar, sai ya koma Illinois ya shiga wata kwalejin koyon ɗaukar hoto a garin Effingham. Ya gama duk darussan cikin wata 6, tun wa'adin kwas ɗin bai cika ba. Makaranta ta ce ba za ta ba shi difloma ba sai ya biya kuɗin kwas ɗin gaba ɗaya. Shi kuma ya ƙi, ya tattara nasa ya nasa ya koma Kalifoniya a 1908 ba takarda. Ban kawo wannan don wani ya ce zai ajiye ND ko HND ɗinsa ba. Don Allah a tsaya a gama. Abin lura shi ne ya fito da hannu, kuma hannun ne ya ciyar da shi.

Shekarun gyaran fuska

Aikin da ya fara samu a shagunan hoto na birnin Los Angeles shi ne gyaran fuska. A wancan zamani hoto kan fim yake sauka, ana wanke fim ɗin a ɗaki mai duhu a sami abin da masu hoto ke kira nagatif, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, daga shi ake buga hoton a takarda. Mai gyaran fuska zai zauna da fensir mai tsini yana bin nagatif ɗin, yana shafe tabo da tamojin tsufa. Filtar da muke dannawa cikin daƙiƙa guda, shi da hannu yake yin ta, wuni guda cur.

A 1909 ya auri Flora Chandler, suka haifi 'ya'ya maza huɗu: Chandler da Brett da Neil da Cole. A 1911 ya buɗe shagonsa a Tropico, wani ƙaramin gari da yanzu ya shige cikin Glendale. Salon da ake yayi a lokacin shi ne a sa hoto ya yi hazo-hazo, ya yi kama da zanen fenti, domin masu zane suna yi wa kyamara kallon na'ura ce kawai, ba fasaha ba. Weston ya gwanance a wannan salo, ya ci kyaututtuka, sunansa ya fita. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

A 1922 ya kai wa yayarsa ziyara a Middletown ta jihar Ohio, inda ta koma da zama. Can ya ga masana'antar ƙarfe ta Armco da dogayen bututanta na hayaƙi, ya ɗauke su tas, ba hazo ba kwalliya. Daga nan ya wuce New York ya nuna wa Alfred Stieglitz, babban malamin masu hoto na Amurka a lokacin, shi kuma ya ƙarfafa masa gwiwa. Wannan tafiya ita ce mararrabar rayuwarsa.

Meksiko da masai

A 1923 ya tafi Meksiko tare da babban ɗansa da wata 'yar asalin Italiya, Tina Modotti, wadda daga baya ita ma ta zama sananniyar mai hoto. Ya bar Flora da yara uku a Kalifoniya, kuma ita ɗin ce ta riƙa aika masa kuɗi idan ya tsiyace. A nan ba zan yi masa kara ba. Mutumin gwani ne a sana'a, amma a zaman aure ba abin koyi ba ne, kuma irin wannan hali ya bi shi har tsufa.

A Meksiko ya haɗu da manyan masu zane irin su Diego Rivera, ya riƙa shiga kasuwa yana sayen tukwanen ƙasa da kayan wasan yara yana ɗaukar hotonsu. A 1925 kuma ya yi abin da ya sa wasu suka ɗauka ya zautu. Ya kafa kyamara a ƙasan banɗakin gidan da yake haya, ya shafe kwanaki yana ɗaukar hoton masai na tangaran. E, masai dai da kuka sani. A littafin da yake rubuta abin da ya faru da shi kullum, ya kwatanta lanƙwasar tangaran ɗin da sassaƙar Girkawan da. Idan ka kalli hoton, abu ne fari mai sheƙi, mai kumburi da siririn ƙugu, sai daga baya kake tuna amfanin da ake yi da shi. Nan ne ya fara gwada tambayar da ya rayu da ita: shin kyau yana cikin darajar abu ne, ko yana cikin yadda aka dube shi? Ya bar Meksiko gaba ɗaya a ƙarshen 1926.

Katantanwar teku da tattasai

A 1927 ya ziyarci wata mai zane haifaffiyar Kanada, Henrietta Shore, ya ga ɓawon wata halittar teku mai kama da katantanwa, wadda ake kira notilus. Ya ari wasu ya tafi da su gida. Ku tuna, ɓawon nan ragowar mataccen abu ne, gidan da mai shi ya mutu ya bari. Weston ya jingina shi a gaban baƙin bango, ya cika hoton da shi, har ya zama kamar fitila a cikin duhu.

Bari in ɗan yi bayanin yadda yake aiki, don 'yan sashen aikin jarida da na zane su ƙaru. Kyamararsa babban akwati ne a kan ƙafafu uku, mai hoto yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle yana leƙawa. Fim ɗinta inci 8 ne a inci 10, wato kusan girman takardar da muke buga aikin gida a kai. Ba ya ƙara girman hoto. Nagatif ɗin yake ɗorawa kai tsaye a kan takarda, ya kunna ƙwan fitila na ɗan lokaci, shi ya sa ko ƙwayar yashi ba ta ɓacewa. Don komai ya fito tas daga gaba har baya, sai ya tsuke kafar da haske ke shiga ta zama 'yar mitsitsiya. Idan kafa ta tsuke kuwa, dole a bar ta a buɗe na dogon lokaci kafin isasshen haske ya taru. Wasu hotunan katantanwar sun ci sa'o'i. Babbar mota ta wuce ta girgiza gini, aikin wuni ya tashi a banza, gobe a sake. Mai haƙuri ke dafa dutse. Hoton katantanwar nan da yake sayarwa dala 10, a 2010 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwafi ɗaya a kan sama da dala miliyan 1.

A 1929 ya koma garin Carmel a bakin tekun Kalifoniya, kusa da wani tsauni da ya kutsa cikin ruwa, ana kiransa Point Lobos. A can ne, cikin watan Agustan 1930, ya ɗauki hoton da ya fi kowane shahara. Wata abokiyar aikinsa, Sonya Noskowiak, ita ke kawo masa koren tattasai mai murɗaɗɗiyar siffa, irin wanda in da a kasuwarmu ne mai saye zai ture gefe ya ce a ba shi miƙaƙƙe. Ya daɗe yana gwada shi a kan farin kwali da ƙyalle, abin bai yi ba. Rannan sai ya sa shi a bakin wani mazurari na kwano. Kwanon ya riƙa dawo da haske yana zagaye jikin tattasan, cikinsa kuma ya zama duhu a baya. Bisa abin da ya rubuta, minti 6 ya bar kafar haske a buɗe. Sunan hoton Tattasai Mai Lamba 30, wanda ke nuna maka yawan na gabansa.

Ku nemi hoton nan a intanet ku duba. Baƙi da fari ne. Wani zai ce bayan ɗan dambe ya gani, wani ya ce dunƙulallen hannu, wani ya ce mutum biyu ne suke kokawa. A can ƙasa ta gefen dama akwai ɗan tabo, inda tattasan ya fara lalacewa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana goge tabon fuskar mutane, wanda ya fi kowa sanin yadda ake ɓatar da shi, ya bar wannan a wurinsa. A ganina wannan tabo ne ya sa hoton ya rayu. Ba don shi ba, da sai ka ɗauka gunkin baƙin dutse ne. Shi ke tuna maka cewa abin nan na gona ne, an tsinke shi, kuma kwanansa ya kusa ƙarewa. Weston kansa bai ɗauki abin da zafi ba: tattasan da ya gaji da tsayuwa gaban kyamara, ƙarshensa kwanon abincin dare.

Inda kyau da muni suka haɗu

Mutane da yawa sun ce suna ganin jikin ɗan Adam a cikin katantanwarsa da tattasansa, wasu ma suka ce da gangan ya yi. Shi kuwa ya dage cewa ba wannan ne a ransa ba. Abin da yake nema, in ji bayanansa, shi ne ainihin abin, tattasai ya fito tattasai fiye da yadda ido mai gaggawa ke ganinsa. Ya yi imani cewa siffofi kaɗan ne halitta ke maimaitawa: lanƙwasar da ke jikin ɓawo ita ce a gwiwar mutum, ita ce a dutsen da ruwa ya cinye.

Da wannan ido ya ɗauki ganyen kabeji a 1931, ya fito kamar zanen da aka saki yana zuba ƙasa. Ya ɗauki albasa da aka raba biyu, da ayaba, da ƙasusuwa, da fiffiken matacciyar kwasakwasa, da ciyawar teku da igiyar ruwa ta watso bakin gaɓa tana ruɓewa, wadda a hoto take kama da hanji. Ya ɗauki saiwoyin matattun itatuwa na Point Lobos da iska ta murɗe. Ka duba hoton ka ji ya burge ka, sai can ƙwaƙwalwarka ta gaya maka ai mushe kake kallo, tsigar jikinka ta ɗan tashi, amma ka kasa kau da kai. Wannan tsakanin sha'awa da ƙyama shi ne filin da Weston ya nome. Hoto ba ya ɗauke da wari, ba ya ɗauke da ƙuda, baƙi da fari kuma ya cire launin jini da na ruɓa. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma tsarin halitta ba ya gushewa don rai ya fita.

A 1932 shi da Ansel Adams da Imogen Cunningham da wasu suka kafa ƙungiya mai suna f/64, sunan da suka aro daga lambar tsukakkiyar kafar haske. Sun yi baje kolinsu na farko a gidan tarihi na de Young da ke San Francisco. Manufarsu ita ce hoto ya daina kwaikwayon fenti, ya tsaya da ƙafarsa. Shi Weston har allo ya kafa a shagonsa na Carmel yana sanar da cewa hotunan fuska da yake ɗauka ba gyara. Ku yi tunanin mai shagon hoto da zai yi haka a lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane na layin karɓar abinci. Ya zauna cikin talauci, amma ya huta da fensir.

Ba kowa ya yaba ba. Ana danganta wa shahararren mai hoton nan na Faransa, Henri Cartier-Bresson, sukar cewa duniya na wargajewa amma su Weston da Adams sun tsaya ɗaukar duwatsu. Suka ce mai nauyi, kuma ina ganin tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ya koya wa mutane su dubi abin da suka raina, shi ma wani aiki ya yi.

Gawa a hamada

A 1937 ya zama mai hoto na farko da ya sami tallafin gidauniyar Guggenheim, dala 2,000, aka kuma sabunta masa a shekarar da ta biyo. Da kuɗin ya sayi mota, shi da Charis Wilson, wadda ya aura a 1939 bayan rabuwarsa da Flora, suka zagaya Kalifoniya da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Ita ke tuƙi tana rubuta labarin tafiya, shi yana ɗaukar hoto, ya tara nagatif sama da 1,000.

A cikin wannan tafiya, a hamadar Colorado da ke kudancin Kalifoniya, suka ga wata takarda a bakin hanya ana roƙon a taimaki wani marar lafiya da ke kusa da wani rafi. Da suka isa suka tarar rai ya riga ya yi halinsa. Wani matafiyi ne shi kaɗai, kwance a ƙasa. Weston ya kafa kyamara ya ɗauki hotonsa. Charis ta ba da labarin a littafinsu na tafiyar da ya fito a 1940. Hoton ya fito tas kamar sauran: fuskar mutumin, gashin gemunsa ɗaya bayan ɗaya, busassun ƙirare kewaye da kansa. Yadda ya dubi ganyen kabeji, haka ya dubi wannan fuska.

To, a nan ne muka raba hanya. Masu kare shi suna cewa hoton ba izgili a cikinsa, natsuwa ce, kuma ba don shi ba da wannan talaka ya ɓace ba wanda ya san ya taɓa zuwa duniya. Na ji wannan, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma tattasai ba shi da uwa. Kwasakwasa ba ta da 'ya'yan da wata rana za su buɗe littafi su ga fuskarta. Mutumin nan ba a nemi izininsa ba, kuma ba ya da bakin da zai ce a'a. Mu a tarbiyyarmu, abu na farko da ake yi wa mamaci shi ne a rufe shi, ko da ɗankwali ne ko tabarma, kuma ina ganin akwai hikima a wannan da ta wuce ta kyamara. Marubuciyar nan Susan Sontag, a littafinta kan ɗaukar hoto na 1977, ta yi magana a kan Weston, ta kuma ja kunne cewa kyamara na iya ƙawata komai, har wahalar mutane, ta mayar da ita abin kallo. Idon da ya iya ganin kyau a ruɓa, idan ba a ja masa linzami ba, zai iya kallon ɗan Adam ya ga siffa da haske kawai.

Kada mu yi saurin jifansa, domin namu ya fi nasa muni. Idan aka yi hatsarin mota a hanyar zuwa gida hutu, sau nawa hoton gawa ke isa guruf ɗin aji tun labari bai isa ga iyaye ba? Weston ko ba komai ya tsaya ya duba da natsuwa. Mu ko dubawa ba ma yi, dannawa muke mu tura.

Hanyar da ya buɗe ba ta tsaya a kansa ba. Wani mai suna Frederick Sommer, haifaffen Italiya da ya tashi a Barazil, wanda tarin fuka ya kai shi zama a busasshiyar jihar Arizona, ya haɗu da Weston a 1936 ya ga hotunansa. Zuwa 1939 Sommer yana jera kawunan kaji da kayan cikinsu yana ɗauka, yana ɗaukar busassun mushen dabbobin hamada, har da yankakkiyar ƙafar mutum da ya samu daga wajen wani likita. Kun ga ke nan, tambayar ina za a tsaya tana nan tun wancan lokaci.

Hannun da ya ƙi tsayawa

Daga 1938 Weston ya zauna a wani ɗan gidan katako da ɗansa Neil ya gina masa a kan tudun Wildcat Hill kusa da Carmel, shi da tarin kyanwoyi. A 1941 ya zagaya Amurka yana ɗaukar hotuna don wani bugu na littafin waƙoƙin Walt Whitman, kuma abin da ya fi jan idonsa a kudancin ƙasar shi ne maƙabartun New Orleans da rusassun gidajen masu gonaki. Hotunansa na shekarun 1940 sun ƙara duhu: matattun tsuntsaye a kan yashi ko suna yawo a saman ruwa, duwatsu masu tsagewa, kututturan da suka bushe. Charis ta bar shi a 1945. A 1946 babban gidan adana fasahar zamani na New York ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa.

A daidai wannan lokaci cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ta kama shi. Ku duba ikon Allah. Mutumin da aikinsa duka ya dogara ga kada komai ya motsa, wanda girgizar mota a titi ke ɓata masa wuni, sai ga shi hannunsa ne ya ƙi tsayawa. Ya ɗauki hotonsa na ƙarshe a 1948 a Point Lobos, hoton tsakuwoyi warwatse a bakin ruwa. Shekara 10 da suka rage masa bai sake ɗaukar ko ɗaya ba. 'Ya'yansa Brett da Cole, waɗanda ya bari suna ƙanana ya tafi Meksiko, su ne suka zame masa hannu, suna buga hotuna daga tsofaffin nagatif ɗinsa yana zaune yana duba aikin.

Ya mutu ranar 1 ga Janairu, 1958, yana da shekara 71, da kimanin dala 300 a asusunsa na banki. Bisa al'adar wasu mutanen can, aka ƙone gawarsa, 'ya'yansa suka watsa tokar a teku a Point Lobos, a wata gaɓa da yanzu ake kira da sunansa. Nagatif ɗinsa da takardunsa suna ajiye a Jami'ar Arizona da ke Tucson.

Abin da za mu ɗauka

Ni abin da na ɗauka daga rayuwar wannan mutum guda biyu ne, kuma dole a riƙe su tare. Na farko, gani sana'a ce da ake koya, kuma haƙuri ne kuɗin makarantarta. Wannan bai tsaya ga masu kyamara ba. Ɗalibin injiniya da ke duba tsatsa a jikin ƙarfe, da 'yar kimiyyar gwaje-gwaje da ke leƙa madubin ƙara girma, da ɗan sashen gine-gine da ke bin tsagar bango, duk aikinsu ya dogara ga su dubi abin da wasu ke kau da kai daga gare shi. Wanda ya saba goge tabo kafin ya duba, ba zai taɓa sanin abin da tabon ke gaya masa ba. Na biyu, ba duk abin da ido ya iya gani ne hannu ke da haƙƙin ɗauka ba. Mushe da ƙashi da ruɓaɓɓen ganye, bismilla. Ɗan Adam kuwa, a raye ko a mace, yana da mutuncin da ya fi kowane hoto tsada.

Ga ɗan aikin gida, wanda ba maki a kansa. Idan ka je kasuwa sayen kayan miya, roƙi mai tattasai ya ba ka ɗaya daga cikin waɗanda ya ware gefe, ƙila ma kyauta zai ba ka. Ajiye shi kusa da taga da safe, sa baƙin ƙyalle a bayansa, ka juya shi a hankali har minti 10 kafin ka taɓa wayarka. Sannan ka ɗauka sau ɗaya, ka mayar da shi baƙi da fari, kada ka goge komai. Wanda nasa ya yi kyau ya kawo wa editocin wannan mujalla mu gani. Tattasan kuma kada a yar, a yanke wurin tabon a jefa sauran a miya.